Ba Mu Jira Papa Ba

Na iso Anacha da la'asar sakaliya, an riga an dawo daga maƙabarta. Tun da asuba Yaya ya kira ni a Fatakwal ya ce Baba ya cika. Na fito tashar Rumuokoro da hijabi a karkace, na faɗa motar da na fara samu, amma muna isowa Upper Iweka, mashigar Anacha, muka tarar manyan motoci sun toshe hanya, ba gaba ba baya. Ina zaune cikin bas ina kallon masu tallar ruwa, na san a daidai lokacin ake sallatar mahaifina. Ban ji haushin kowa ba. Addininmu bai ce a ajiye gawa don jiran mai zuwa ba, ko da 'yar cikinsa ce. Abin da ya tsaya mini a rai kawai shi ne ban ga fuskarsa ba.

Ƙofar gidanmu ta cika maƙil. 'Yan goro abokan sana'arsa, masu albasa da tumatir, mahauta, direbobin da ke sauke kaya daga arewa, kowa ya samu gefen tabarma ya zauna. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, wannan ita ce kalmar da ke yawo daga baki zuwa baki. Wani tsohon direba yana ta maimaita cewa Alhaji bai taɓa barin baƙo ya kwana a tasha ba. Goggo, ƙanwar Baba, ba ta yi kuka ba, sai mita take yi cewa jiya ta dama masa kunu ya ce a ajiye zai sha da safe, ga kwanon can a rufe. Matan Ibo da ke saro goro a wurinsa sun tsaya cirko-cirko a bakin titi, sun rasa ko su shigo ko su juya, duk wanda ya gifta su ce masa "ndo", wato sannu. Ina shigewa cikin gida na ji wata murya daga kan tabarma tana cewa, "Mutumin kirki ne wallahi, sai dai yawan shige wa arna." Ban juya ba. Na san halina, da na juya da zaman makokin ya koma wani abu dabam.

Sai da na gaisa da Inna, muka yi kukanmu muka share, sannan na leƙa ta taga na ga bencin da ke gindin mangwaro babu kowa a kai. Gidan da ke jikin namu kuma da kwaɗo a ƙofa.

Na ce, "Inna, ina Papa?"

Ta ce yana Inugu wurin 'yarsa, aikin ido aka yi masa.

"An gaya masa?"

Inna ta dubi Goggo, Goggo ta dubi ƙasa. An kira Kano, an kira Legas, an kira surukan da Baba ya shekara bai ji muryarsu ba. An kira Kawu, wanda shi ma a Inugu yake zaune, ya taso da motarsa shi kaɗai, ya iso tun kafin a gama haƙa kabari. Kujerar da ke gefensa babu kowa. Ba wanda ya ƙi Papa a gidanmu. Da aka zauna tuno waɗanda ya kamata su sani, Musulmi kawai aka tuno, shi ya faɗo daga lissafi ba tare da kowa ya lura ba.

Papa maƙwabcinmu ne, katangarmu ɗaya tun kafin a haife ni. Ibo ne, Kirista, dattijo a cocinsu. A Zariya aka haife shi, babansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya tashi da Hausa a baki har lokacin da ƙasa ta rikice suka gudo kudu, bai sake komawa ba. 'Ya'yansa ba sa jin Hausa, matarsa ma ba ta ji. Baba kuwa ya baro Kano yana saurayi, ya ƙare rayuwarsa a garin da ko shekara nawa ka yi a ciki baƙo kake. Ina ganin abin da ya haɗa su ke nan, kowannensu ya bar wani abu a arewa, kuma ɗan'uwansa ne kaɗai ya san girman abin.

Kullum bayan sallar la'asar Baba zai fito da buta da goro, Papa zai fito da sanda. Sai sun gaisa tsaf kamar waɗanda suka shekara ba su haɗu ba: ina gajiya, ina iyali, ina labari, yaya ƙafar. Baba ne mai kawo goron, amma Papa ne mai fasawa, don a wurinsu babba ke fasa goro, kuma ya rantse ya girmi Baba, Baba ya rantse ƙarya ne. Zai ɗaga goron sama ya yi addu'a da Ibo, doguwa, ya rufe da sunan Yesu. Baba ba ya cewa amin. Yakan yi shiru, ido a ƙasa, har a gama. Shi kuma Papa in ya fasa ya miƙo ɓari, ba ya kai nasa baki sai ya ji Baba ya ce bismillah. Haka suke yi, ba wanda ya koya musu, ba su kuma taɓa zama sun tsara shi ba.

Papa ya raina goron Baba ƙwarai. Ya ce goro mai ɓari biyu ba goro ba ne, nasu na Ibo mai ɓari da yawa shi ne na manya. Baba ya ce to ka daina ci mana. Bai daina ba.

Kada a ɗauka Baba mutum ne mai laushi. Yana da taurin kai, yana da faɗa, in ya ce a'a ko liman ya zo sai dai ya sha ruwa ya koma. Bai taɓa taka cikin coci ba. In baƙin Papa suka zo aka fito da bammi, zai ɗauki butarsa ya shige gida ba sallama. Amma akwai kalma ɗaya da ba a faɗa a gabansa. Wata rana wani ɗan garinsu ya sauka a gidanmu, ya ga Papa ya wuce, ya ce, "Alhaji, wannan arnen fa?" Baba ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Yana da suna. In ba ka san sunansa ba, ka ce maƙwabcin Alhaji." Mutumin ya yi dariya yana neman mayar da abin wasa, Baba bai taya shi ba.

Duk shekara in azumi ya kama, Baba zai ce masa, "Har yanzu ba ka shirya ba? Ga wata mai albarka ya zo." Papa zai ce, "Ni ma kai nake jira, Alhaji, na ajiye maka kujera a gaba." Su tuntsire da dariya. Na daɗe ina ɗauka wasa ne zalla, sai ranar da na shiga ɗakin Baba na ji yana ambaton sunan Papa a cikin addu'a, yana roƙa masa shiriya. Da ya shafa ya ga ina tsaye, ya ce, "Ni dai na faɗa masa, kuma zan ci gaba da faɗa. Amma zuciyarsa ba a hannuna take ba. Abin da ke hannuna haƙƙin maƙwabtaka ne, shi za a tambaye ni."

Rigimar da ta fi daɗewa a gidanmu a kan akuya aka yi ta. Duk Kirsimeti Papa kan sayo akuya ya jawo ta ƙofarmu, Baba ya wasa wuƙa ya yanka, don mu ma mu iya ci. Da layya kuma cinyar ragon Baba ta Papa ce, ko Inna ba ta isa ta taɓa ba. Da Yaya ya dawo daga karatu a arewa ya ce wannan yankan bai kamata ba, taya su bikin addininsu ne. Yaya ba jahili ba ne, ya kawo hujjojinsa, kuma ba don raini ya yi maganar ba, tsoro yake ji wa mahaifinsa. Baba ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Da sunan Allah nake yankawa, maƙwabcina nake yanka wa. In ba za ka ci ba, ga wake can." Yaya bai ƙara cin naman ba, Baba bai ƙara yi masa tayi ba. Duk Kirsimeti sai Inna ta ɗora tukunya biyu, tana ƙorafin an mayar da ita mai gidan abinci.

Sau ɗaya na san sun yi faɗa na gaske, Baba da Papa. Lokacin da Mama, matar Papa, ta rasu, aka kai ta ɗakin ajiyar gawa, aka shiga shirin biki. Wata ya wuce, wani ya bi. Ana jiran ɗansu na ƙasar waje, ana fentin gidan ƙauye, ana ɗinkin anko. Abin ya dami Baba har ya kasa haɗiyewa. Ya ce masa, "Ku ji tsoron Allah ku rufe baiwar Allahn nan, tana can cikin sanyi kuna zaɓen atamfa." Papa ya miƙe da sandarsa, ya ce, "Ku kuma fa? Mutum ya mutu da safe, kafin rana ta yi tsaka kun tura shi rami kamar kuna gudunsa. Mu muna jiran kowa ya zo ya ga nasa." Bencin ya yi kwanaki babu kowa. Baba yana fitowa da goro ya zauna a zaure, ya mayar da shi aljihu.

Amma ranar binne Mama, tun da sassafe Baba ya sa babbar rigarsa ya shiga mota zuwa ƙauyensu. Bai shiga cocin ba. Ya tsaya a gindin wata bishiya a waje, shi kaɗai mai hula a cikin taron, har aka gama. Da aka fito da akwatin wani ya miƙo masa kujera, ya ce a bar shi a tsaye, ai Annabi ma ya taɓa miƙewa da aka wuce da gawar Bayahude, rai rai ne. Bai roƙa mata gafara ba, don ya san iyakarsa. Ya dai riƙe hannun Papa ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri." Da suka dawo aka koma kan benci, Papa ya ce, "In ka riga ni, ka ce musu su jira ni." Baba ya ce, "Ko 'yata ba za a jira ba. Amma waya ɗaya ce, za a gaya maka, ka yi sauri."

Ni ce na kira 'yar Papa a daren da na iso, wato bayan an gama komai. Ta ce likita ya hana shi tafiya, za ta san yadda za ta faɗa masa.

Ranar sadakar uku, da hantsi, muna cikin gida muka ji ihu daga bakin titi. Kukan namiji ne, tsoho, da ƙarfi, irin wanda ba a yi a zaman makokinmu. Na leƙa. Papa ne, da jar hula, ido ɗaya a rufe da auduga, 'yarsa na riƙe da shi. A kafaɗarsa farin yadi a ninke, a bayansa an jawo akuya. Haka suke zuwa gaisuwar mutuwa, da yadin da za a yi wa mamaci rakiya da shi da dabbar da za a yanka wa baƙi. Yana tafe yana kiran "Alhaji! Enyi m!", abokina ke nan da yarensu. Mutanen kan tabarma suka fara kallon juna. Wani ya ce a hankali, "Subhanallahi, a ce masa ba a haka a nan."

Yaya ya tare shi da ladabi, ya ce, "Papa, sannu da zuwa, sai haƙuri." Papa ya sauke yadin ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce a sa wa Alhaji. Yaya ya ce ai an rufe shi tun ranar. Papa ya ce ya sani, 'yarsa ta faɗa masa, amma bai yarda ba sai ya ji daga bakin ɗan gida. Sai ya tsaya da yadin a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi.

"To a kai ni in ga wurin."

Yaya ya ce, "Papa, maƙabartar Musulmi ce."

Ban san lokacin da na tsinci kaina a zaure ba. Goggo na jan hijabina ta baya, na fizge. Na ce, "Yaya, mutumin nan waya ɗaya aka yi masa alkawari, ba mu yi ba. Baba ya tsaya wa matarsa a waje tun safe har azahar. Yau shi za a ce wa ya koma da yadinsa?" Muryata ta fita har titi, na sani, kuma ban damu ba. Yaya ya ce in koma ciki, ba maganar mata ba ce. Na ce ni ma ban ga Baba ba, ni da Papa jirgi ɗaya ya kwaso mu, ni na haƙura don na san dalili, shi fa me za a ce masa?

Liman, wanda sa'an Baba ne, ya ɗaga hannu. Ya ce shi dai bai san abin da ya hana mutum ya tsaya a bakin kabarin maƙwabcinsa ba, in ba wani abin da ya saɓa zai yi a wurin ba. Sai Kawu ya miƙe. Ya shiga motarsa ya tayar, ya zagayo ya buɗe ƙofar gaba, ya tsaya riƙe da ita, kansa a sunkuye.

Ban bi su ba, mata ba sa zuwa. Kawu ne ya ba ni labari. Ya ce da suka shiga, Papa ya cire hularsa ya dubi filin da idonsa ɗaya, tudun ƙasa bayan tudun ƙasa, babu suna, babu hoto, babu siminti. Ya ce, "Wanne ne?" Kawu ya nuna, bai gani ba. Sai Yaya, wanda ya biyo su a okada ba wanda ya ce ya zo, ya kama hannun tsohon ya durƙusar da shi a hankali, ya ɗora tafinsa a kan ƙasar. Papa bai yi addu'ar coci ba, bai yi waƙa ba. Da Hausa ya yi magana. Ya ce, "Alhaji, ka yi mini wayo. Ka ce in yi sauri, ba ka ce musu su gaya mini ba." Ya daɗe a durƙushe. Kawu ya ce shi da ya wanke gawa da hannunsa bai yi kuka ba sai a nan.

Akuyar, wani mahauci ne ya yanka aka yi sadaka da ita. Yaya bai ci ba, kuma ban ga laifinsa ba. Yadin kuwa liman ya karɓa. Baba yana da wani tsohon akwati a masallaci inda yake ajiye likkafani saboda baƙin da mutuwa kan riska a garin nan ba su da kowa. A ciki aka sa shi. Ban san bawan Allahn da za a naɗe da shi ba, shi ma ba zai san daga hannun wa ya fito ba.

Ana gobe zan koma Fatakwal, bayan la'asar, na ga Papa a kan benci. Ya zauna a gefensa na kullum, ya bar ɗaya gefen. Mutane na wucewa suna ce masa "Papa, sorry o", yana ɗaga musu sanda. Na shiga ɗakin Baba na ɗauko goro ɗaya a cikin ganyen da ya bari, na fita na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa gaisuwar duka, ina gajiya, ina iyali, yaya haƙuri, kamar mai tsoron kada kalmomin su tsere masa. Ya ce tun ranar da aka kai shi Inugu bai yi Hausa da kowa ba sai ranar da ya je maƙabarta.

Ya ce in zauna. Na zauna a bakin bencin, ban kai wurin Baba ba.

Ya ce, "'Yata, in nawa ya zo, su ba za su yi gaggawa ba. Za su ajiye ni wata da watanni, kina da lokaci, ko Upper Iweka ta toshe za ki iso. Ba sai kin shiga ciki ba. Bishiyar tana nan, a hannun hagu in kin fuskanci cocin."

Na ce in Allah ya kai ni zan zo, zan tsaya.

Ya karɓi goron ya jujjuya shi, ya ce har yanzu mai ɓari biyu ne, mutumin nan bai gyaru ba. Ya ɗaga shi sama ya yi addu'arsa da Ibo, ni kuma na yi shiru, ido a ƙasa. Ya fasa. Sai ya miƙa ɓarin zuwa gefen da babu kowa, hannunsa ya tsaya a iska, nasa ɓarin na ɗaya hannun bai kai baki ba. Jira yake.

Na miƙa hannu na karɓa, na ce bismillah. Sannan ya ci.

Ya Allah, bawanka ya zo maka daga garin da ya zauna baƙo har ya tsufa. Ka gafarta masa, ka yalwata masa makwanci, ka sa ya tarar da maƙwabta nagari kamar yadda ya kasance wa nasa. Wanda ya bari a kan benci kuma, ga addu'ar da Baba ke yi masa, na ɗauka daga inda ya tsaya.